Ruwan da Kaka Ta Ba Fure

Ɗakunanmu biyu ne a hawa na uku, banɗaki kuwa ɗaya ne tak ga duk mutanen hawan, can ƙarshen baranda. Daga gadon Kaka zuwa ƙofarsa taku talatin da ɗaya ne idan ni kaɗai ce. Idan Kaka na dafe da kafaɗata ya fi sittin. Na sani, saboda tun da ta faɗi ta bugu a ƙugu ni nake kai ta, ni nake dawo da ita.

Mu uku ne a gidan. Umma tana aikin wanki da guga a wani otal, ta fita da sassafe, ta dawo bayan la'asar da hannuwa duk sun yi fari sun yamutse. Ni na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako. 'Yan ajinmu sun saka ni a rukuninsu na waya, amma ban taɓa tura ko gaisuwa ba. Nakan rubuta, in karanta, in goge. Don haka Kaka ce abokiyar hirata. Ita ta raɗa mini suna Gara, wai kamar garar da ke cin itace, haka nake cin takarda, kuma sunan ya bi ni har wurin Umma da Kawu.

Idanunta sun yi rauni, shi ya sa kullum bayan azahar nake karanta mata littafi. Ba ta taɓa barina na kai ƙarshen shafi lafiya ba.

"Tsaya, Gara. Wannan mutumin maƙaryaci ne."

"Kaka, yanzu fa ya shigo labarin."

"To ai na ji gaisuwarsa. Mai gaskiya ba ya doguwar gaisuwa haka. Ci gaba, za ki ce na faɗa miki."

A bakin tagarta akwai wata tukunyar fure mai faɗin ganye, wadda ba ta taɓa yin fure ba. Kaka takan ce halinsu ɗaya da ni, ga ganye ga ganye, ba a ga abin da aka haifa ba.

Abin ya fara ne da zanin gado. Sau biyu cikin mako ɗaya muka wayi gari Kaka ta jiƙa shimfiɗa. Umma ba ta yi faɗa ba. Ta yaye zanin, ta naɗe, sai dai da ta zo bakin ƙofa ta sauke numfashi ta ce a hankali, "Wanki a can, wanki a nan." Na san da kanta take. Amma na ga Kaka ta juya fuska bango.

Da yamma Umma ta ja ni kicin ta ce, "Daga la'asar kada ki ƙara ba ta ruwa. Wata abokiyar aikina haka take yi da surukarta, kuma sun huta."

Na ce to. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce na ji daɗin wannan doka. Tafiyar barandar nan tana ba ni kunya. Kullum akwai wani a tsaye da tawul a wuya, ko mata suna shanya, kowa sai ya ce sannu, ni kuma sai in rasa inda zan sa idona. Sai na ƙara wa dokar tsawo da kaina. Na ɗauke jug ɗin da ke kusa da gadonta. Na mayar da shi kofi ɗaya da safe, ɗaya da rana. Duk sanda na dawo ɗaukar kofin nakan same shi wayam, sai hankalina ya kwanta.

Umma ta so ta sayo fo a ajiye a ƙarƙashin gado, Kaka ta ce sai dai bayan ranta. "Na goya ki, na goya ƙanenki, yanzu ki zaunar da ni a kan fo kamar 'yar yaye?" Aka bar maganar.

Shimfiɗa ta daina jiƙewa. Amma bayan kamar mako biyu sai Kaka ta fara kirana akai-akai. Mu yi doguwar tafiyar nan, ta shiga, in tsaya a ƙofa, in ji shiru, sai ɗan ɗigo. Ta fito tana cije leɓe, hannu ɗaya a mara. Ba mu gama zama ba ta ce, "Gara," sannan ta ce, "A'a, bar shi." In na tambaye ta ko wani wuri na ciwo, sai ta ce, "Ke likita ce? Karanta mini abinki."

Ranar da na tsorata kuwa ba wani abin a zo a gani ne ya faru ba. Na karanta shafi huɗu cif ba ta tanka ba. Na ɗaga kai na ga tana kallona kamar yadda ake kallon baƙo a mota.

"Yarinya," ta ce, "'yar gidan wa ce ke?"

Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Ba ta yi dariya ba. Ta fara tattara gefen zanin gado tana ƙullewa, wai in taimaka mata da kayanta, mahaifiyarta na jiranta a tasha. Mahaifiyarta ta rasu tun kafin a haifi Umma.

Daga ranar gidan ya zama wani iri. Ina zaune da ita daga safe har yamma, amma ni kaɗai ce a ɗakin. Wani lokaci ta yi ta barci, wani lokaci ta yi ta magana da mutanen da ban sani ba. Nakan buɗe littafi in fara karantawa da ƙarfi, in ji muryata tana yawo a ɗaki ba mai tare ta, sai in rufe.

Maƙwabciyarmu, wadda kowa ke kira Maman 'yan biyu, ita ta fara cewa ba ƙalau ba. Ta daɗe tana lura da yadda Kaka ke fitowa daga banɗaki. Ta shigo da wata kwalba cike da saiwoyi da ɓawon itace, ruwan ya yi jawur.

"Sanyi ne ya shiga mararta," ta ce wa Umma. "Wannan jiƙon, kofi ɗaya safe da yamma. Yayata da ta sha, kwana uku ta warke garau. Wurin tsohon nan na bakin kasuwa na karɓo, hannunsa na da kyau."

Abin mamaki, Kaka ta shanye jiƙon tas, tana yamutsa fuska. Ko da hankalinta ya tafi, girmama ɗaci bai bar ta ba. Tun da can takan ce maganin da ba shi da ɗaci wasan yara ne. Kwana biyu fitsarin ya ɗan ƙaru, cije leɓen ya ɗan ragu, Maman 'yan biyu ta riƙa leƙowa tana cewa, "Ba na faɗa ba?" Amma Kaka ba ta dawo ba. Har yanzu ni 'yar gidan wani ce.

Ran Litinin Kawu ya zo. Shi ne ƙanen Umma, direban babbar mota ne, ƙato mai tumbi, amma Kaka ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Auta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Ya daɗe a durƙushe. Sannan suka koma ɗayan ɗakin shi da Umma, ni kuma ina jin su ta labule.

"Yaya, tsufa ne, ba yadda za mu yi. Rannan kika ce an same ta a bakin matakala. In ta faɗo daga nan fa?"

"To ya kake so in yi? In bar aiki?"

"Ki ba ni ita. Ina da ɗaki a baya, ƙasa ne, ba hawa. Ƙofar tana da sakata ta waje. Ran Asabar zan zo da ƙaramar mota."

Gidan Kawu tafiyar yini guda ce. Na jira Umma ta ce a'a. Sai na ji ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Na so in ɗaga labulen in ce wani abu, amma me zan ce?

Washegari Umma ta bar mini aikin haɗa kayan Kaka. Na ninke zannuwanta, na sa carbinta da man zafinta a jaka. Na zo kan tukunyar furen, na ce bari in ɗauke ta in share tagar. Da na ɗaga sai na ji ta yi nauyi, ruwa ya kwararo daga farantin da ke ƙarƙashinta ya jiƙa mini ƙafa. Ƙasar ciki ta zama taɓo. Na tsaya riƙe da ita ina tunani. Rabona da in ba furen nan ruwa ya fi mako uku, na ma manta da shi. Umma kuwa ko kallonsa ba ta yi.

Na mayar da tukunyar. Na cika kofi na miƙa wa Kaka, na fita, na tsaya ina leƙe ta tsakanin ƙofa da bango. Ta riƙe kofin, ta kalli ƙofa. Sannan ta miƙa hannu a hankali ta juye shi a gindin furen, ta ajiye kofin, ta goge baki da gefen mayafi kamar wadda ta sha. Ba ta san sunana ba, ba ta san ɗanta ba, amma hannunta bai manta da wannan ba.

Na zauna a ƙasan baranda. Ashe ko kofi biyun nan da na rage mata ba sha take yi ba. Tun ranar da ta ji maganar wanki ta yanke wa kanta hukunci, ni kuma na taya ta.

Ina da wani tsohon littafin kiwon lafiya da na saya a wurin mai baza littattafai a bakin titi, ko bango ba shi da shi. Na ɗauko na nemi babin mafitsara. Na ga yawan jin fitsari da fitowar kaɗan. Na ga zafi, da ciwon mara, da fitsari mai duhu da wari, duk na gan su a Kaka na kau da kai. A ƙasan shafin akwai layi biyu da suka ce a wurin tsofaffi ciwon yakan zo wani lokaci da ruɗewa, har a zaci gigin tsufa ne. Na karanta layukan nan ya fi sau goma.

Wayar Umma a kulle take cikin lokar ma'aikata in tana aiki. Kuma ko ta yarda, ba mai iya sauko da Kaka daga hawa na uku sai mutum ɗaya. Na ɗauki waya na ajiye, na ɗauka na ajiye. Ban taɓa kiran Kawu da kaina ba. Daga ƙarshe na yagi takarda na rubuta duk abin da zan faɗa, da lamba ɗaya, biyu, uku. Magana ce ba na iyawa, karatu da ƙarfi kuwa na iya.

"Wa nake ji kamar Gara?" ya ce, ƙarar injin na tashi a bayansa. "Yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Lafiya?"

"Kawu, ina kwana. Ina wuni. Na ɗaya, Kaka ba ta shan ruwa, a fure take zubarwa."

"A me?"

"Na biyu, tana jin zafi in za ta yi fitsari. Na uku, wannan ciwon yana iya ruɗa tsoho. Na huɗu, ina roƙonka ka zo mu kai ta asibiti kafin Asabar."

"Ke, karanta mini kike yi?"

"E, Kawu."

Na ji ya kashe injin. "Akwai na biyar?"

Akwai, amma ban yi niyyar karanta shi ba. Na ce, "Na biyar, ni na ɗauke mata jug."

"To," ya ce. "Gobe da safe ki shirya ta."

Ran Laraba Kawu ya goya mahaifiyarsa a baya ya sauko da ita hawa uku, tana dukan kafaɗarsa tana cewa mai famfo ya sauke ta. A asibiti nas ta ba ni 'yar roba mai murfi, ta nuna mini yadda zan wanke Kaka tukuna, in bar fitsarin farko ya zuba, in tari na tsakiya. Abin da na tara bai kai rabin robar ba, launinsa kamar shayin da aka manta a wuta. Muka kai ɗakin gwaji, muka zauna jira. Umma ta iso da rigar aikinta a jiki.

Likitar mace ce, mai furfura kaɗan a goshi. Ta danna marar Kaka, Kaka ta zabura. Ta bubbuga bayanta wajen ƙoda, ta auna zafin jiki, ta duba harshenta, sannan ta duba takardar gwajin.

"Wa yake kula da ita?"

Kawu ya nuna ni da baki.

"Kofi nawa take sha a yini?"

Na ba ta labarin jug da na fure, idona a kan takalmina. Umma ta rufe baki da hannu. Likita ba ta yi mana faɗa ba, ta dai ce, "Ba ku ne farau ba. Ana hana su ruwa don shimfiɗa ta bushe, su ma suna hana kansu don kunya. Mafitsara kuwa in ba a wanke ta da ruwa, ƙwayoyin cuta sai su samu wurin zama. Akwai su a fitsarinta, kuma jikinta ya bushe sosai. Kun ci sa'a da alama abin bai hau ƙoda ba."

"Likita, hankalin nata zai dawo?" in ji Kawu.

"Ba zan yi maka alkawari ba. Wasu suna dawowa cikin kwanaki, wasu kuma da ma akwai wani abin a ƙasa. Mu yi maganin abin da muka gani."

Na fito da kwalbar jiƙon daga jakata, don na ga littafin ya ce a nuna wa likita duk abin da ake sha. Ta buɗe ta sunsuna.

"Me da me ke ciki?"

Muka kalli juna.

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Ba na raina shi, ko ba komai shi ne ruwan da ya riƙa shiga cikinta. Amma ƙodar tsohuwa ba wurin gwaji ba ce. A ajiye shi." Ta rubuta ƙwayoyi na kwana bakwai, ta ce a shanye su duka ko da an ga sauƙi, kuma in zazzaɓi ko amai ko ciwon baya ya zo mu dawo a ranar. Kafin mu tafi aka yi wa Kaka ƙarin ruwa leda biyu. Umma ta zauna tana kallon ledar tana ɗiga har ta ƙare.

A hanya Umma ta sa Kawu ya tsaya, ta sayo fo. Da muka kwantar da Kaka, Umma ta durƙusa a bakin gadon ta riƙe hannunta.

"Iya, ki jiƙa duk zannuwan duniya. Wanki sana'ata ce. Zannuwan baƙin da ban sani ba ma ina wankewa, balle naki."

Kaka ta ce mata ta gode, ta kuma tambaye ta ko ta ga mahaifiyarta a tasha.

Matsalar da ta rage ita ce ruwan. Ƙwaya tana haɗiyewa, amma in na miƙa kofi sai ta riƙe tana jiran in fita. Na ɗauke furen na kai baranda, sai ta zuba a ƙasa. Can dabara ta zo mini. Na zubar da saiwoyin, na wanke kwalbar jiƙon tas, na cika ta da ruwan ɗumi, na jefa ɓawon lemon tsami don ya ɗan yi ɗaci. Na tsiyaya a gabanta.

"Magani ne, Kaka."

Ta yamutsa fuska ta shanye. Haka na riƙa yi, kwalba huɗu a yini.

Alhamis ba wani canji. Juma'a fitsarin ya washe, ta daina riƙe mara, amma yini ta yi tana barci, da ta farka kuma ta kira ni da sunan wata da ban sani ba. Jakarta tana nan a bakin ƙofa. Kawu ya ce zai zo yadda aka yi, in ya so a ƙarasa maganin a can.

Ran Asabar da hantsi na yi mata wanka, na sa mata kayan tafiya. Ban san abin da zan yi da sauran lokacin ba, sai na ɗauko littafinmu, wanda muka tsaya a tsakiyarsa, na ci gaba daga inda muka bari. Muryata tana rawa. Na kai wurin da mutumin nan mai doguwar gaisuwa ya gudu da dukiyar abokinsa.

"Ba na faɗa miki ba?"

Na tsaya. Ban yarda na ɗaga kai ba.

"Tun daga gaisuwarsa na gane shi. Ke kuma me ya samu muryarki, Gara, kamar akuyar da ruwa ya daka? Kuma wa ya sa mini zanen unguwa?"

Daidai nan Kawu ya yi sallama yana haki, makullin mota a hannu, Umma na bayansa. Kaka ta dube shi sama da ƙasa.

"Auta, wannan tumbin da kai ka hau benen ko shi ya hau da kai?"

Kawu ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hularsa. Da ya samu bakin magana ya tambaye ta ranar mece ce yau, ta ce Talata. Ya tambaye ta shekarar, ta ce shi da yake yawon duniya bai sani ba sai ita? Ya kalli Umma, ya kalle ni.

"A ƙarasa maganin a nan," ya ce. "Mu ga mako guda."

Mako gudan ya wuce, wani ya bi bayansa, bai dawo da maganar ba. Kaka ta shanye ƙwayoyinta. Ba ta koma daidai yadda take da ba, takan ɓata ranaku, kuma tana saurin gajiya. Ta yarda da fo, bisa sharaɗin kada a kira sunansa a gabanta. Maman 'yan biyu tana gaya wa duk mutanen hawan cewa jiƙonta ne, tunda kullum tana ganin kwalbar a hannuna, ni kuma ban iya buɗe baki na gyara mata ba.

Makonnin nan uku na rashin lafiyarta kuwa Kaka ba ta tuna su ko kaɗan. Na taɓa gwada ba ta labarin tasha da mai gyaran famfo, ta ce in rage karatun ƙarya. Umma ba ta son a tayar da zancen. Don haka ni kaɗai nake riƙe da su, ni da furen da ke baranda, wanda ganyensa biyu suka ruɓe saboda yawan ruwa.

Jiya na tsiyaya mata daga kwalbar, na ce magani ne. Ta karɓa, ta kurɓa, ta dube ni ta saman kofin.

"Gara, ruwa ne da ɓawon lemo. Kin ɗauka harshena ma ya tsufa?"

"To in daina?"

"Wa ya ce ki daina? Ƙaro ɓawon dai, ya yi salam." Ta shanye, ta miƙo mini kofin. "Kuma ki fitar da kayana daga jakar can, na gaji da ganinta a bakin ƙofa kamar ta baƙo."